Abin da Laraba Ta Koya wa Na'ura

Hamidu da A'i, da ku ƙannensu da kuka fara jin labarin nan a bakin maƙwabta kafin ku ji shi a nawa, wannan babin naku ne. Abin da gari ya sani shi ne mahaifinku, Malam Buba hedimasta, ya tsufa ya ruɗe, ya kawo wata na'ura mai duba fuskar yaro ta faɗi addininsa, har iyaye suka taru suka raba shi da kujerarsa ana saura ƙiris ya yi ritaya da mutuncinsa. Rabin wannan gaskiya ne, kuma a Mubi labarin da ya kai rabi a gaskiya ya yi ƙoƙari. Ɗaya rabin na yi shiru a kansa ne don akwai wadda shirun yake karewa. Yanzu danginta sun ɗauke ta zuwa wani gari, tana karatunta lafiya, ni kuma ƙafa ta fara ja, gara ku ji daga gare ni. Zan kira ta Laraba. Ba sunanta ba ne; na zaɓe shi don masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk suna raɗa shi. Kada ku tambaye ni gidan da ta fito, domin amsar wannan tambayar ce aka yi ta nema a wurina a shekarar.

Makarantarmu kun san ta, a hanyar Wuro Patuji, firamare da ƙaramar sakandare a fili ɗaya. 'Ya'yan manoma ne da na makiyaya, Gude da Fulani da Kamwe waɗanda iyayensu suka sauko daga duwatsun Michika, Bitrus da Bello a benci ɗaya suna faɗa a kan rula. Bayan shekarar gudu, lokacin da gari ya watse kowa ya bi daji da tsauni, mun sha wahala kafin iyaye su yarda su sake haɗa 'ya'yansu a aji ɗaya. Ni na bi su gida gida. Ina da hujja guda da babu wanda ya iya karyawa: Adda Rifkatu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, tana jan waƙa a zumuntar mata ranar Lahadi, ni kuma ina sahun gaba ranar Juma'a, kuma naman Sallah da shinkafar Kirsimeti ba su taɓa ɓata hanya tsakanin gidajenmu ba.

A hutun damina wata ƙungiya ta kira malamai zuwa Yola, wai za a nuna mana yadda ake koya wa yara tunani irin na masu sarrafa kwamfuta, da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Malamar da ta cancanci zuwa tana jego, sai ni na tafi, mutumin da har lokacin A'i ce take buɗe masa saƙon waya. Na zauna a baya da niyyar gyangyaɗi, amma yarinyar da take koyar da mu ta faɗi abin da ya hana ni. Ta ce na'ura ba ta san komai ba, ba ta kuma jin kunyar rashin sanin. Abin da ka faɗa mata daki-daki shi take yi, abin da ka nuna mata shi take koya. Na ce a raina, ashe na daɗe ina koyar da danginta.

Da aka dawo hutu na shiga aji ɗaya na sakandare da tukunya da muciya da garin gero da butar ruwa. Na ce musu yau ni na'ura ce, ba ni da hankali sai kunne, su sa ni in dama kunu. Wani ya ce in zuba ruwa, na zuba a ƙasa, tunda bai ce a tukunya ba. Wata ta ce in juya, na juya na fuskanci allo. Aji ya kaure da ihu, amma kafin a buga ƙararrawa sun gane cewa aikin da uwa take yi ido rufe yana da matakai, kowanne da gurbinsa, in ka tsallake ɗaya babu kunu. Duk tsawon aikina ban taɓa ganin yara suna gardama a kan abin da ya kamata ya zo farko ba sai ranar. Daga baya ƙungiyar ta aiko mana da wayoyi masu faɗin allo, 'yan kaɗan, ana karɓa-karɓa. A cikinsu akwai wani wasa mai kwanduna biyu: ka ɗauki hotunan abu iri biyu, ka zuba kowanne a kwandonsa, ka ba kwandunan suna, sai na'urar ta yi nazari, in ka nuna mata sabo ta faɗi kwandon da ya dace da shi. Mun koya mata gyaɗa mai kyau da ruɓaɓɓiya, da wake lafiyayye da wanda ƙwari suka huda. Sai na ga ya kamata su gwada da abin da ya fi gyaɗa wuya, na ɗauki hoton kowane yaro sau biyu, yana murmushi da yana ɗaure fuska. Darasin ya yi daɗi, hotunan kuma suka zauna a cikin wayoyin.

Dadarku, wato mahaifiyarku, ita ce ta kawo mini labari wata Juma'a da la'asar. Ta dawo daga kasuwa ba ta ko sauke kwandon kanta ba ta tsaya a kaina.

"Malam, me kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Tunani."

"To tunanin ya kai kasuwa. An ce kana da waya mai duba fuskar yaro ta ce wannan Musulmi ne, wannan Kirista ne. Ɗan Alhaji Njidda ya koma gida yana kuka wai ta ce masa Kirista. Mai tumatir ta ce aika hotunan kake yi waje."

"Wajen wa?"

"Ya danganta da rumfar da ka tsaya. Kowa ya ce wa ɗaya ɓangaren kake wa aiki."

Na yi dariya don ta gani kawai. Washegari da safe na buɗe ofis na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A cikin guda na tarar da shi, ƙarƙashin aikin gyaɗa: kwanduna biyu, da sunayen addinan biyu, da fuskokin yarana an raba su, babu kuskure ko ɗaya. Wanda ya yi ya san aji sarai. Yara sun tsinci abin a lokacin hutun tara, suka yi layi suna nuna fuskokinsu suna shewa, kowa ya ɗauka sabon darasin Malam ne. Na zauna da wayar a hannu ina jin kurciya tana kuka a kan rufi, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ku da kuke ƙanana a shekarar gudu ba za ku gane ba. Akwai mutane a garin nan da aka tare a hanya aka dube su aka raba su biyu, kuma ba duka suka iso gida ba.

Ranar Litinin bayan an tashi, Laraba ta ƙi tafiya. Ita ce nake ba wa wayoyin ta kai ofis, don ba ta taɓa yar da ko alli ba. Siririyar yarinya ce mai ƙarancin magana, wadda a darasin kunu ita ta fara cewa a tambayi na'ura ko an hura wuta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen rigarta.

"Malam, ni ce."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"To me ya kai ki?"

Ta saki gefen rigar.

"Babana a hanya aka tare su. Mama ta ce ba su tambaye shi komai ba, dubansa kawai suka yi. Ka ce na'ura tana gano abin da ya bambanta kwando da kwando. Ina so in ga me suka gani."

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, wasu ma na gama su, amma babu wanda ya tanadar mini amsar yarinyar nan. Na tambaye ta ko akwai wanda ya sani, ta ce babu. Na ce ta tafi gida, kada ta faɗa wa kowa, ko mahaifiyarta.

Makon nan gidanmu ya zama kotu. Benci ya fara yin giɓi a makaranta, yau 'ya'yan wannan unguwa ba su zo ba, gobe na waccan. Na ji an ce wasu sun fara duba ɗakin da ke bayan coci don buɗe makarantarsu, wasu kuma suna maganar mayar da Islamiyya ta safe. Kai Hamidu ka kira daga Yola ka ce in goge abin in ce ƙarya ne, kamar yaran da suka yi layi ba su da baki. Adda Rifkatu ta zo ranar Laraba, ba ta ko amsa gaisuwar Dadarku da kyau ba, ta ƙi zama a tabarma, ta hau faɗa da Hausarta da ba ta raba namiji da mace.

"Kai Buba, wayan nan naka ya ce jikana Musulmi ne don ya sa gyale. Yarinya ya zo gida yana tambaya na ko an canza shi. Kai da ni muka kwana a dutse tare, kai ka goyi Inna a bayanka. Yanzu kai ne mai raba yara?"

"Adda, ki zauna in yi miki bayani."

"Kai ka yi ko ba kai ba?"

Da zan iya faɗa wa mutum ɗaya a duniya, da ita ce. Amma kun san Addarku. Allah ya yi ta da zuciya mai kyau da baki marar murfi. Magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba. In ta ji da rana, kafin magariba zumuntar mata ta ji, kafin asuba labari ya isa Mayo Bani. Na ce mata ta zo taron iyaye ranar Asabar. Ta dube ni kamar baƙo, ta fita ba ta sha ruwan da aka kawo mata ba.

Dadarku kaɗai na faɗa wa, bayan Adda ta tafi, muna zaune tana tsince shinkafa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye tiren.

"To ka faɗa musu yarinya ce. Yarinya ƙarama, marainiya. Wa zai taɓa ta?"

"Ba wanda zai ce yarinya ce. Za su ce gidan su wane ne suka sa ta. In ta wannan ɓangare ce, wancan zai ce ga shaida, in ta wancan ce haka nan. Uwarta a tsakiyar unguwa take zaune ita kaɗai, tana sayar da ƙosai ga kowa."

"Kai fa? Kai ba ka da 'ya'ya a unguwa?"

"Ni ina da Adda. Duk wanda ya zarge ni da ɓangare, sai ya fara bayanin yadda zan sayar da yayata."

"Yayar da ta fita yanzu ba ta sha ruwanka ba."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Kwanakin da suka rage ban ci abincin kirki ba. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Na yi ta tsara jawabi a kaina mataki-mataki, kamar yadda nake koya wa yara, kuma kullum sai in iso wuri ɗaya in tsaya, wurin da wani zai ɗaga hannu ya ce wa ya yi.

Ranar Asabar aka taru a gindin darbejiyar makaranta. Ban taɓa ganin taron iyaye ya cika haka ba. Da a kan gyaran rufi ne da ni da mai gadi za mu yi shi. Babu wanda ya tsara wurin zama, amma mutane suka zauna kashi biyu, da fili a tsakani kamar hanyar shanu. Jauro, mai unguwarmu, ya zauna a kujera a tsakiya. Alhaji Njidda yana gaban nasa mutanen, Baba Yohanna, dattijon coci, yana gaban nasa. Can baya na hango mahaifiyar Laraba, ta zo kamar kowa, ba ta san komai ba.

Na fara da abin da na iya, wato darasi. Na ce na'urar nan ba ta ganin zuciya, ba ta ma san akwai addini ba; abin da ya yi yawa a hotunan kwando shi take bi. Na ɗaga wayar na nuna mata fuskata da hula, ta sa ni a kwandon Musulmi. Na cire hular, ta mayar da ni Kirista. Na roƙi Baba Yohanna ya ara mini kansa, na ɗora masa hulata, ta musuluntar da shi nan take ba tare da ya furta komai ba. Wasu matasa suka yi dariya. Baba Yohanna bai yi dariya ba. Ya cire hular a hankali ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, na gode da karatu. Amma mutanen da suka tare mu a hanya, su ma hula suka duba."

Alhaji Njidda ya miƙe, na ɗauka zai yi masa musu, sai ya ce ƙaninsa ma ba shi da hula a ranar, daga gona yake, bai kuma iso gida ba. A karon farko kashi biyun suka yarda da juna, kuma a kaina ne. Jauro ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya kira ni malam da Fillanci kamar yadda ya saba.

"Modibbo, mun ji ba ta da hankali. Ka ce abin da aka nuna mata shi take koya. To wa ya nuna mata?"

Na dubi taron, na yi ƙoƙarin kada idona ya je baya.

"Ni ne, Jauro. Ni na ɗauki hotunan, ni na koyar da yadda ake raba su. Na so in nuna wa yara cewa ba a gane addini a fuska, ban yi tunanin inda zai kai ba."

"Babu hannun wani malami? Ko wani yaro?"

"Yara ba sa taɓa waya sai a gabana."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ƙaryar da babu gaskiya a cikinta ko ƙwaya, kuma na faɗe ta da murya mafi ƙarfi. Abin da ya biyo baya kun ji shi, ba sai na maimaita sunayen da aka kira ni da su ba. Wasu ma ban san ana da su a Hausa ba. An goge hotunan a gaban kowa, Alhaji Njidda yana riƙe da gefen wayar, Baba Yohanna yana riƙe da ɗaya gefen. Aka ce yara za su dawo in har ba ni ne a kujerar ba, kuma a kulle wayoyin a akwati. Na ce na yarda. Da sabon mako ya shigo na hau ƙaramar bas zuwa Gella, inda ofishin ilimi yake, na roƙi a sauwaƙe mini, aka mayar da ni wani ofis inda aikina shi ne zama, har lokacin ritaya ya yi.

Na san abin da kuka sha. A'i, na san ƙawayen da suka daina biyo miki, da auren da aka ja baya da maganarsa sai da shekara ta juyo. Hamidu, na san dalilin da ya sa ka rage zuwa gida. Darasin ma ya tafi da ni, domin babu malamin da ya sake kusantar akwatin nan, kuma har yau in na ga yaro yana latsa wayar ubansa ba tare da ya san me take yi da abin da yake ba ta ba, sai in ji kamar ni na kulle masa ƙofa. Amma wanda ya fi min ciwo Adda ce. Kirsimetin shekarar shinkafa ta zo, a hannun jikarta, ita ba ta zo ba. Daga baya mun koma gaisawa, har tana zama a tabarma, sai dai ba ta sake tsokanata da sunan da take kirana tun muna yara ba. Da ciwonta ya yi tsanani na je na zauna kusa da ita, maganar tana bakina, ɗakin cike da matan zumunta suna waƙa a hankali. Na dube su, na haɗiye. Ta rasu tana ganin ƙaninta ne ya raba yara kwando biyu. Dadarku, wadda ta fi kowa adawa da shawarar, ita ta riƙe maganar duk tsawon lokacin nan ba ta ko yi mini gori ba, sai dai in mun yi faɗa a kan wani abu dabam ta ƙara gishiri a miya.

Kuna iya cewa na yi wauta, ba zan yi musu ba, don ni ma na sha faɗa wa kaina. Abin da zan iya gaya muku shi ne abin da na gani da idona. Safiyar da sabon hedimasta ya kama aiki na tashi da wuri bisa sabo, na yi wanka na sa kaya, sai a ƙofar gida na tuna ba ni da aji. Ƙafata ta kai ni tsallaken titin makaranta, na raɓe a rumfar mai shayi kamar mai jiran mota. Ina kallon hanya, ina tsoron ko wani ya gano, ko ita ta kasa riƙewa ta faɗa wa uwarta. Yara suka fara fitowa daga unguwannin biyu, da hula da babu hula, da gyale da kitso a waje, suna ture juna a bakin ƙofa. Can sai ga ta, da jakar buhu a kafaɗa, ta shiga tsakiyarsu. Wata ta ja hannunta tana nuna mata wani abu a tafinta. Babu babba ko yaro da ya juya ya dube ta sau biyu. Aka buga ƙararrawa, ta ruga da sauran.

Mai shayi ya tambaye ni ko a zuba. Na ce ya zuba, ya sa sukari da yawa, yau ba na sauri.